Martani: Ba a Toshe Tiyon Hita da Ƙusa

Wani marubuci ya shawarci direbobin Yauri da su cusa ƙusa a tiyon hitar motocinsu 'yan Kwatano, wai ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ba ta buƙatar ɗumi. Maganar zafi gaskiya ce. Shawarar ce ta gurgunce.

Hita ƙaramin lagireto ne a ƙarƙashin dashbod, kuma ruwan inji ne ke bi ta cikinsa ya koma. A wasu injuna, ta nan ruwan ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe. Aka toshe, sai zafi ya taru a kan inji, gaskit ya ƙone, direban Hiace ya kwana a hanyar Kontagora da fasinja da kwandunan busasshen kifi.

Ko bas-bas ɗin 'yan makaranta na Amurka, masu dogayen tiyo har kujerar baya, bawul ake sa musu kusa da inji, a rufe da rani, a buɗe da sanyi. Ba ƙusa ake dannawa ba.

Idan hitar ta fara yoyo, bakaniken da ya san aikinsa cire tiyon biyu yake yi, ya haɗa bakinsu da guntun bututu, ya ɗaure da kilif, ya fitar da iska.

Marubucin ya kuma manta da asubahin hunturu a bakin tafkin Kainji, lokacin da gilashi ke yin raɓa, direban Ngaski na goge shi da hularsa don babu hitar da za ta busar da shi.