Asalin sarautar Zazzau da rumbun da zai riƙe shi

Duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo a Ƙofar Fada yana jero asalin sarakunan Zazzau ya san labarin ba ya tafiya a miƙe. Zai fara da Malam Musa Bamalli, ya ratse gidan Barebari wajen Yamusa, ya taɓo Katsinawa da Sulluɓawa, sannan ya komo ta hanyar auratayya. Kowane suna yana janye da wasu: uba, uwa, sarautar da aka riƙe, unguwar da aka zauna.

Saboda irin wannan saƙa aka ƙirƙiro rumbun bayanai mai adana abu ɗungurungum. Tsarin jadawali, wanda Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970, yana rarraba bayanin mutum ɗaya cikin jadawalai da yawa, sai an tashi nemansa a sake harhaɗa shi. Wancan kuwa yana ajiye mutum da igiyoyinsa duka, har wani aji ya gaji siffofin wani, yadda "hakimi" zai gaji duk abin da "basarake" yake da shi. GemStone da ObjectStore sun shiga kasuwa da wannan alkawari, ƙungiyar ODMG kuma ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 1993.

A 2001 ƙungiyar ta watse. Fasahar ta nuna, tana aiki har yau a wasu fagage. Sai dai harshen tambayarta bai samu karɓuwar SQL ba, bayanan sukan manne wa harshen manhajar da ta rubuta su, kuma sauya fasalin aji bayan an tara dubban abubuwa aiki ne ja. A gefe guda, ƙa'idar SQL ta 1999 da manhajoji irin su PostgreSQL sun ari abin da ya fi amfani a cikinta.

Don haka da ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello zai nemi shawarata kan adana wannan asali, sai in ce ya tsara tunaninsa irin na dattijon, amma ya zuba bayanan a jadawali. Kyan tsari bai dame ni ba kamar wanda zai gaji aikin. Takardar ajami ta zamanin Malam Musa ana karanta ta yau da ido kawai. Fayil ɗin ObjectStore kuwa sai da manhajarsa da lasisinta da wanda ya iya ta, alhali kusan duk wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta a Samaru ya taɓa rubuta SQL.