Katsewar intanet a Fagge da Sabon Gari: Laifin rauta ne ko na kamfani?

A Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, ciniki ba ya ƙarewa da rufe shago. Ɗan kasuwa kan koma gida ya buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka, ya tura wa abokan hulɗarsa na China ko Dubai oda, ya duba kuɗin da suka shigo asusunsa. Duk wannan ya rataya ne a kan rauta, ƙaramar na'urar da ke raba intanet a gida. Da ta daina aiki, da yawa kan garzaya Titin Beirut ko Titin Faransa su sayi sabuwa, alhali sau da yawa ba ita ce mai laifi ba.

Hanya biyu ce ke kai intanet ga kwamfuta: ta farko daga kwamfutar zuwa rauta, ta biyu daga rauta zuwa turken kamfanin sadarwa. Gane wadda ta katse abu ne mai sauƙi. Idan wayar hannu tana samun intanet ta wannan rauta amma kwamfuta ba ta samu, matsalar tana cikin gida. Tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba sa ganin zangon 5GHz, sai na 2.4GHz, wanda tashoshinsa uku ne kacal ba sa shiga juna: 1 da 6 da 11. A unguwa mai cunkoso kamar Fagge, rautocin maƙwabta kan yi ta danne juna. Sauya tasha, ko goge sunan Wi-Fi daga kwamfuta a sake haɗawa, kan wadatar. Haka nan hawa da saukar wuta, ta KEDCO ko ta janareto, kan lalata cajar rauta ba tare da taɓa ita na'urar ba.

Idan kuwa babu na'urar da ke samun intanet, sai a duba waje: ƙarewar data, rufe layi saboda rashin haɗa shi da lambar NIN, ko yankewar wayoyin kamfani. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, ciki har da MainOne da WACS, suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, lamarin da ya shafi bankuna da gidaje a Najeriya. A Oktoban shekarar kuma, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Babu sabuwar rautar da za ta magance irin wannan.

A nan batun haƙƙi ya shigo. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Daga baya ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, su kuma biya diyya idan ta wuce sa'a 24. Amfanin umarnin ya dogara ne ga isar sanarwar da wuri, cikin harshen da mai shago a Kwari zai fahimta. Muddin ba ta iso ba, zai ci gaba da biyan kuɗin gyaran na'urar da lafiyarta ƙalau, datarsa kuma tana ƙarewa. Wanda kamfani bai saurari kokensa ba yana iya kiran layin hukumar na kyauta, 622.