Hoton ciki: a fara tambayar kan jinjiri

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa raka iyalinka awon ciki? In ba ka taɓa ba, wagga magana taka ce.

A likita akwai wata na'ura da ake ce ma eko. Ana shafa ma ciki wani mai, a aza na'urar, sai jinjiri ya fito bisa allo kamar telebijin. Babu allura, babu yanka. Sauti ne ke shiga cikin ciki ya komo da hoto.

Mu mutanen Adar, in mun je, tambayarmu guda ce: namiji ne ko mace? Ni kuwa na ce a fara tambayar kai.

Ga dalili. Ƙwaƙwalwa da lakar baya suna fara haɗuwa cikin kwana 28 na farko, tun mace ba ta tabbatar da ciki ba. In ciki ya kai wata 5, lokotoro na iya auna kan jinjiri. Shina iya ganin ko ruwa ya taru cikin kai, ko baya bai rufe ba. A 2016 ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce kowace mai ciki a yi mata hoto guda kafin sati 24.

A ƙauyenmu wata ɗiyar maƙwabta ta yi kwana 2 tana naƙuda. Ashe ruwa ne ya cika kan ɗan, ba shi iya fita. Aka ɗauko ta da amalanke, sannan da mota har Tawa. Ita ta tsira da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Da an gani tun da wuri, da an kawo ta kusa da likita kafin naƙuda.

Wani zai ce wannan leƙen asirin Allah ne. A'a. Allah ne ya ba mutum sanin da ya ƙera na'urar. Kuma gaskiya ita ce, hoto ba magani ba ne, ba kowace cuta yake gani ba. Amma shina ba ka lokacin shiri. Ruwan kai ma ana yi mishi aiki a Yamai bayan haifuwa.

Uwargida, kar kunya ta sa ki ɓoye ciki har wata 7. Ki je awo da wuri. Ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki. Ki sa gishiri mai iyod cikin miya, ƙwaƙwalwar jinjiri na bukatar shi.

Maigida, bayan girbi za ka tafi biɗa, Abijan ko Libiya. Kafin ka ɗauki jaka, ka aje kuɗin mota da na hoto a hannunta. Ka ba ta izinin zuwa a gaban tsohuwarka, don kar a hana ta. Daga Abalak ko Keita zuwa Tawa tafiya ce, amma tafiyar awo ta fi tafiyar naƙuda sauƙi.

Allah ya sauke su lafiya.