Baƙin Luggere da masallacin da Bishop ya gina

Duk wanda ya zauna a Jimeta a ƙarshen 2014 ba sai an ba shi labari ba. Madagali da Gulak ne suka fara faɗawa hannun Boko Haram, Michika da Bazza suka biyo baya, sannan a ƙarshen watan Oktoba Mubi ta tafi, gari na biyu mafi girma a jihar Adamawa, har maharan suka sake mata suna. Jama'a suka yi ta kwararowa ta hanyar Hong da Gombi da Song, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙasa, wasu kuma sai da suka ratsa duwatsu suka shiga Kamaru kafin su zagayo. Gwamnati ta buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, amma ba su ɗauki ko rabin mutanen ba. Gidajen talakawa ne suka haɗiye mafi yawansu. Magidanci mai ɗaki biyu a Doubeli ko Jambutu sai ya wayi gari da baƙi cike da tsakar gida, kuma babu halin ya tambaye su ranar tafiya.

Cikin ƙofofin da aka buɗe a lokacin akwai ta babban cocin Katolika na St. Theresa da ke unguwar Luggere. Shugabansa, Bishop Stephen Dami Mamza, shi ma ɗan Bazza ne, wato garinsu na cikin waɗanda aka cinye. Ya ce a bar mutane su shigo, suka shigo dubbai, aka shimfiɗa tabarmi a ajujuwan makaranta da ɗakunan taro da duk inda mutum zai iya miƙe ƙafa. Ba a tsayar da kowa a bakin ƙofa an tambaye shi sunan baftisma ba. Mafi yawansu Kirista ne, kuma ba duka 'yan Katolika ba, domin yankin da aka tarwatsa cibiyar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ce, wadda hedikwatarta da ke Kwarhi ita ma aka mamaye ta. Akwai kuma Musulmi a cikinsu.

Buɗe ƙofa a daren tashin hankali abin yabo ne, amma mutane da yawa sun yi shi, kuma da a nan labarin ya tsaya da ban ɓata tawada a kansa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tsawon lokacin. Sojoji da maharba da 'yan banga sun ƙwato Mubi cikin makonni, sauran garuruwan suka biyo baya a farkon 2015, akasarin baƙin suka tattara suka koma. Sai aka bar waɗanda ba su da wurin komawa: mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin Sambisa, matan da aka kashe wa maza, tsofaffin da 'ya'yansu suka ɓace. Waɗannan sun zauna a harabar cocin Luggere kusan shekara bakwai. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, to wannan raɓar rana ta fito ta faɗi ba ta bushe ba.

A tuna me shekara bakwai take nufi ga mai masauki. 'Yan jarida sun daina zuwa tun a shekarar farko. Ƙungiyoyin agaji sun karkata Maiduguri, inda bala'in ya fi muni. Abin da ya rage shi ne aikin da ba a ɗaukar hotonsa: masai ya cika sai an kwashe, ruwa ya yanke a zafin watan Afrilu na Yola, mace ta fara naƙuda da tsakar dare, yara sun isa shiga makaranta, tsoho ya rasu ana neman inda za a binne shi, mata biyu sun yi faɗa kan murhu. Ga masu ibada na asali, waɗanda da kuɗin baikonsu aka gina wurin, suna zuwa ranar Lahadi su tarar da shanya a inda suka saba ajiye mota. Kowace shekara a daren Alhamis da ke gaban Ista, limaman Katolika suna durƙusawa su wanke ƙafafun mutum goma sha biyu don koyi da Yesu Almasihu. Wannan ibada ce ta awa guda. Ta Luggere kuwa kullum ce, kuma babu mai kallo.

A watan Afrilun 2021 aka kawo ƙarshen zaman. Da tallafin Missio, wata ƙungiyar Katolika ta ƙasar Jamus, an gina gidaje 86 a Sangere-Marghi da ke ƙaramar hukumar Girei, aka mayar da iyalan can. An gina musu makaranta, an gina coci. Sannan aka gina masallaci saboda 'yan tsirarun iyalan Musulmi da ke cikinsu. Bishop na Katolika, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a jihar, ya gina wurin da za a riƙa kiran salla sau biyar a rana.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba, kuma shi da kansa ya faɗa cewa wasu Kiristoci sun soke shi. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Mutanen nan an ƙone musu majami'u da sunan Musulunci. A watan Janairun 2020, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin a buɗe masallacin, Boko Haram ta kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, bayan ta sace shi. Wanda ciwonsa bai warke ba, ka ce masa za a gina masallaci da sunan cocinsa, dole ya haɗiye wani abu mai ɗaci. Sai dai masu sukar sun manta da wane ne zai yi salla a ciki. Ba Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ba ne. Mutumin da ya gudo tare da su ne, a hanya ɗaya, daga wuta ɗaya. Bam ɗin da ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a watan Oktoban 2015 bai tambayi kowa aƙidarsa ba, haka wanda ya tashi a sansanin Malkohi wata guda kafin nan.

Mu ma a ɓangarenmu na Musulmi an yi ƙananan maganganu, kuma gara a fito da su fili. An ce ai dabara ce, a jawo mutum da shinkafa, gobe a ce ya canza suna. Wannan zargi yana da tushe a tarihi. Masu mishan da suka sauka a Numan a 1913 da waɗanda suka kafa Garkida a 1923 sun zo da asibiti da makaranta, har da wurin jinyar kutare, kuma ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba. Iyayenmu da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu boko saboda wannan tsoron. To amma a duba al'amarin Sangere-Marghi da idon basira. Mai son ya sauya maka addini ya same ka a mafi raunin halinka, ba gida, ba gona, ba dangi, kana cin abincinsa shekara da shekaru. Idan da wata manufa, ai ba ya buƙatar ya yi komai, sai ya gina coci kaɗai ya bar nisa da kunya su yi aikinsu. Masallacin nan shi ne ya rufe bakin zargin, domin ma'anarsa ita ce: na ba ka gida, ban sayi imaninka ba.

A ganina a nan tawali'un yake, fiye da a buhunan masara. Bayarwa tana da wata giya da ke hawa kan mai bayarwa. Da zarar mutum ya ci naka sau biyu, zuciya sai ta fara raya maka cewa ka san abin da ya dace da shi fiye da shi kansa, kuma yana da bashin da zai biya, ko da ƙuri'a, ko da kirari, ko da bin ra'ayinka. Mun ga yadda rabon tallafi ya koma a ƙasar nan: a jera zawarawa a rana tun hantsi, a buga hoton mai girma a jikin buhu, kwano biyu na shinkafa su ci kyamara biyar. Har a masallatai da majami'u abin ya shiga, ana kiran sunan mai bayarwa da lasifika, mai karɓa yana sunkuyar da kai. Wanda ya iya ciyar da mutum shekara bakwai sannan ya sallame shi da addininsa da mutuncinsa, ya yi yaƙi da wannan giyar ya ci nasara.

Kirista zai ce Bishop bai yi wani sabon abu ba, koyarwar Linjila ya bi. Akwai misalin da Yesu ya bayar na matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Yariko, malaman addininsa biyu suka ratse suka wuce, sai wani Basamariye, daga ƙabilar da ake ƙyama, ya tsaya. Abin da ake yawan tsallakewa a labarin shi ne Basamariyen bai tsaya a ɗaure rauni ba. Ya kai shi masauki, ya biya, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da zai ƙaru. Wato ya sa hannu a bashin da bai san iyakarsa ba. Mu kuma Musulmi muna da namu abin tunawa, kuma ya fi kusa da wannan lamari. Hijirar farko a Musulunci zuwa ƙasar Kirista aka yi ta. Najjashi, sarkin Habasha, ya karɓi su Ja'afar bin Abi Ɗalib, Kuraishawa suka aiko da kyaututtuka a mayar musu da su, ya ƙi, ya bar su suna sallarsu a ƙasarsa shekaru. Almajirin da ya karanta sira bai kamata ya yi mamakin Luggere ba.

Kada kuma a ɗauka Bishop shi kaɗai ya yi aikin. A shekarun nan ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da Imam Dauda Bello da sauran shugabannin addini a ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta taimaka aka kafa a zamanin shugabarta Margee Ensign. Sun raba abinci a harabar coci, sun raba a harabar masallaci, layi ɗaya, ba a ware kowa. Kuma a ƙarƙashin waɗannan sunaye akwai matan zumunta da suka yi ta hura wuta, da matasan da suka sauke buhuna, da magidantan Jimeta da ba wanda ya taɓa rubuta sunansu.

Inda nake jin ɗaci shi ne yadda yabon irin waɗannan mutane yake zama mafaka ga hukuma. Ranar buɗe gidaje manya sukan zo, a yanka ƙyalle, a yi jawabi kan haɗin kai, a watse. Amma sake tsugunar da ɗan ƙasa da yaƙi ya kora ba aikin coci ba ne, kuma ba aikin 'yan Katolikan Jamus ba ne. Haƙƙi ne a wuyan gwamnati, wadda ke da hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha, da hukumar raya Arewa maso Gabas da aka kafa musamman saboda wannan ɓarna.

Ɗacina na biyu kuma gida yake dawowa. Mutanen Gwoza da suka yada zango a Malkohi da Fufore, da yawansu Musulmi ne, sun shafe shekaru a ɗakunan tamfol da na kara. Muna da kwamitocin zakka, muna da attajiran da ke zuwa Umara duk azumi, muna da masu gina masallacin Juma'a a unguwar da ke da uku. Gida 86 bai fi ƙarfin mutum biyar daga cikinsu ba. Idan Jama'atu Nasril Islam da majalisar Musulmi ta jihar za su ɗauki wannan aiki, su fara da aika wakilai Girei su ga yadda aka tsara na Sangere-Marghi, su tambayi nawa aka kashe, su kuma ƙidaya iyalan Kirista nawa ne a cikin waɗanda za a tsugunar kafin a zana taswirar filin.