Ranar Haihuwar Uwa

Yaro ƙarami ba ya sanin wahalar da uwarsa take sha dominsa. Ya ga tuwo a kwano ya ci, ya ga riga wankakkiya ya sa, ba ya tambayar wanda ya tashi tun da asuba ya hura wuta. Wannan ba laifinsa ba ne, ƙuruciya ce. Amma in mutum ya girma har ya ajiye iyali, ko mace ta goya nata ɗan ta ji nauyinsa a baya, to, ba sauran uzuri. Ya kamata ya ware rana guda, ya je musamman ya gode wa mahaifiyarsa. Ranar da ta fi dacewa kuwa ita ce ranar da aka haife ta.

Wadansu suna cewa bikin ranar haihuwa ba al'adar Hausawa ba ce, daga Turawa aka samo shi. Gaskiyarsu. Kakanni ba su san shi ba, abin da suka sani shi ne suna, ran da jariri ya kwana bakwai. Amma ba kiɗa da rawa ake nufi a nan ba, ba kuma ɓarnar kuɗi ba. Abin da ake nufi godiya ce, ita kuwa godiya ga uwa ba baƙuwa ba ce. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya fi cancanta a kyautata masa. Sai da ya ambaci uwa sau uku, sa'an nan ya ambaci uba.

A duba abin da ta yi. Ta ɗauki ciki wata tara. Da ta haihu ta yi wankan jego da ruwan zafi, safe da yamma, har kwana arba'in. Ta shayar da ɗan kusan shekara biyu kafin yaye. Tana daka yana bayanta, tana tuƙin tuwo yana bayanta. In zazzaɓi ya kama shi da dare, kowa a gidan ya yi barci, ita kaɗai ke zaune. Uwaye nawa ne suka yi ta sayar da ƙosai da ƙuli-ƙuli, suna tara taro da sisi, don su saya wa ɗa littafi? Ɗan ya zama malami, ko likita, ko alƙali, ana ta yabon ƙoƙarinsa, ba mai tuna kaskon suya.

Abin da ya sa maganar ta yi wuya a ƙasar Hausa shi ne kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, wani lokaci ma sai ta nuna kamar ba ta damu da shi ba. Shi kuma ɗan sai ya tashi yana jin nauyinta. Ya iya durƙusawa ya ce, "Inna, ina kwana?" Amma ya buɗe baki ya ce ya gode da renon da ta yi masa, sai harshe ya yi nauyi. Kunya abu ne mai kyau, ado ce ga mutum. Sai dai akwai waɗanda suka yi ta jin nauyin nan har aka kai tsohuwa makwancinta, sa'an nan suka zauna suna faɗa wa masu gaisuwa alherinta, ita kuwa ba ta taɓa ji daga bakinsu ba.

Wani ya ce, "Ai ina aika mata da kuɗi ta waya kowane wata." Madalla, kada ya fasa. Amma zumunta a ƙafa take. Kuɗi ba su zama a tabarma, ba su sauraron labari. Ya kamata ya je da kansa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ajiye ɗan abin da ya samu, ko turmin atamfa, ko goro, ko turare. In ba shi da hali, ya cika mata randa, ya gyara mata danga. Sa'an nan ya zauna, kada ya yi ta duban agogo. Ya tambaye ta garinsu da ƙuruciyarta da sunayen kakanninta, gama abubuwa da yawa ita kaɗai ta rage da saninsu. Ba lalle ta ce kome ba in ya gode mata. Watakila ta kau da kai ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ita ke nan, ta ji.

Saura tambaya guda: yaya za a yi in uwa ba ta san ranar haihuwarta ba? Da yawa ba su sani ba, don a da ba a cika rubutawa ba. Amma tsofaffi suna lissafi da manyan abubuwa. Wadda aka haifa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, a 1956 ke nan. Wadda aka haifa shekarar samun mulkin kai, a 1960. Wadda kuwa aka haifa sa'ad da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, a 1973. Suna ma yakan taimaka. Mai suna Azumi a watan azumi aka haife ta, Marka kuwa tsakiyar damina. Ladi ran Lahadi ta zo duniya, Talatu ran Talata, Jummai ran Juma'a, Asabe ran Asabar. Wanda duk sunan mahaifiyarsa Lami, ba sai ya jira shekara ta kewayo ba, kowace Alhamis ranarta ce.