Injin jirgi marar matuƙi: araha da zafin ƙasarmu

A Afrilun 2025 Sin ta tsaurara fitar da wasu ma'adinai, har da disfurosiyam, wanda ke sa maganaɗisu ya jure zafi. Ni a ganina, a maganaɗisun nan ne injinan jirage marasa matuƙa ke rabuwa a farashi. Na T-Motor da na araha marar suna duk za ka ga 2207 a jikinsu, wato girmansu ɗaya. To ciki fa? Maganaɗisun N52 yakan fara rauni in zafi ya wuce digiri 80, N52H kuwa sai 120. Samarinmu masu ɗaukar hoton biki a Garwa ko Tamale, da ranar Maris ɗin nan, su nemi harafin H kafin ciniki, su kuma juya injin da hannu su ji ko boris na ƙara.