Wa ya ce Hausar Damagaram gurɓatacciya ce?

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar cikin Maris na 2025, wasu masu ganin sun fi kowa iya magana suka taso mu a gaba. Wai a tace ta, a koma kan ta Kano, domin tamu ta sha Faransanci ta ƙoshi. Yaro ya ce zai tafi lakwal wajen mushe, sai a kwashe da dariya. Shi kuwa mai dariyar, in ciki ya murɗa masa, asibiti yake nufa wajen likita, kuma duka biyun daga bakin Ingilishi aka aro su. Wato lokotoron Faransanci haram, likita halal? Laifi tudu ne.

To, da wace rariya za a tace ta? Gidan sarautar Damagaram kansa daga Barno ya samo asali. Galadima, Ciroma da Yarima na Barebari ne, haka ma kasuwa. Raƙumi da takobi daga wajen Abzinawa suka shigo, irin masu ayarin da ke sauke kaya a unguwar Zango. A zare waɗannan a ga ko Bakano zai iya yin cefane.

An taɓa yi wa wani harshe irin wannan wanki, ba a ji da daɗi ba. Afirkans ya tsiro ne bayan saukar Holandawa a Kef ta Afirka ta Kudu a 1652, a bakin baƙin da bayin da aka kwaso daga Indunusiya, Indiya da Madagaska, da Khoikhoi ƴan ƙasa. Iyayen gida suka raina shi, suka ce maganar ɗakin girki ce. Malaman Musulmi ba su raina ba: da ajami suka riƙa rubuta shi, irin yadda malamanmu na Birni ke rubuta Hausa, har aka buga Bayanuddin na Abubakar Effendi a Istanbul a 1877. Da ya zama harshen hukuma a 1925, sai masu mulki suka goge sawun bayi, suka ce gadon farar fata ne. A 1976 ɗaliban Soweto sun rasa rayukansu wajen ƙin a tilasta musu karatu da shi, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka sha shi a nono ba Turawa ba ne.

Ku masu tsara littattafan makaranta a Yamai, daidaita rubutu ba laifi ba ne. Amma ku bar mana lakwal da mushe a cikin ƙamus.